Karanta maƙala da fensir a hannu

Ɗalibin babbar sakandare da aka bai wa maƙala ko jawabi ko wasiƙa a ajin Turanci aka ce ya yi nazari, yawanci abu ɗaya ne ke kayar da shi. Zai karanta, ya fahimta sarai, sannan ya ɗauki biro ya sake faɗin abin da marubucin ya faɗa da kalmomin kansa, shafi biyu cur. Idan takarda ta dawo sai ya ga maki kaɗan, da ɗan rubutun malami a gefe: wannan ai taƙaitawa ce, ina nazarin? Shi kuwa bai ga laifinsa ba, domin babu ƙarya a cikin abin da ya rubuta. Tambayar da ba a yi masa ba ce ya amsa. Ya faɗi abin da rubutun ya ce, malamin kuma abin da rubutun yake yi yake son ji: wa ake nufi da shi, me ake so ya sauya a zuciyar wannan mutum, me ya sa aka zaɓi wannan kalma, aka ajiye wannan misali a nan, aka jinkirta waccan magana sai ƙarshe.

Wahalar ta fi tsanani a rubutun da ba ƙage ba. A ƙagaggen labari ko waƙa kowa ya san akwai fasaha, don haka ɗalibi da shirin nemanta yake zuwa. Maƙala kuwa kama take da mutum yana faɗin gaskiyarsa kawai, ba ado ba dabara, sai mai karatu ya saki jiki. Alhali kowace jimla da ke ciki zaɓo ta aka yi daga cikin wasu da dama da za a iya rubutawa. Ita kanta kalmar "essay" daga Faransanci ta fito, ma'anarta gwaji ko yunƙuri, kuma Michel de Montaigne ne ya laƙaba wa rubuce-rubucensa wannan suna lokacin da ya fitar da su a 1580. Maƙala yunƙurin mutum ɗaya ne na kai hankalin wasu wani wuri, kuma nazari shi ne bin sawunsa a ga ta inda ya bi.

Kafin a shiga rubutun, akwai 'yan layuka biyu ko uku da littattafan aji da takardun jarrabawa kan sa a sama, galibi da ƙananan haruffa: sunan marubuci, shekara, inda aka fara bugawa ko inda aka yi jawabin. Ɗalibai da yawa tsallake su suke yi don sauri, kuma daga nan asarar take farawa. Ka ba su minti biyu. Ka fitar da abu huɗu ka rubuta a saman takardarka: wa ke magana, da wa yake magana, yaushe, kuma me ya faru har ya ga dole ya yi magana. Na biyun ne ya fi ba da wuya, domin amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "jama'a" ko "masu karatu", wadda ba ta tsinana komai. Ɗauki wasiƙar da Martin Luther King Jr., jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya rubuta daga kurkukun Birmingham, mai kwanan wata 16 ga Afrilu 1963, wadda ake yawan karantarwa a irin wannan aji. Amsa ce ga malaman addini takwas, fararen fata na jihar Alabama, da suka fitar da sanarwa cewa zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata da ake yi babu hikima a cikinta, kuma ba lokacinta ba ne. Da zarar ka san haka, abubuwa da yawa za su warware da kansu. Za ka gane abin da ya sa ya buɗe da kiransu 'yan'uwansa malaman addini, da abin da ya sa ya jawo Manzo Bulus da manyan malaman Kiristanci Augustine da Thomas Aquinas, har da Martin Buber, masanin falsafa Bayahude, kasancewar ɗaya daga cikin takwas ɗin limamin Yahudawa ne. Yana kafa hujja ne da mutanen da abokan muhawararsa ba za su iya ƙaryatawa ba. Wanda bai san su wa ake mayar wa martani ba, iyakarsa ya rubuta "marubucin ya ambaci addini", ya tsaya nan.

Karatun farko a yi shi ba fensir, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa duba ƙamus. Maƙala mai kalma 700 zuwa 800 ba za ta ci fiye da minti biyar ko shida ba. Idan ka gama, ka kifa takardar, ka rubuta jimla ɗaya tak da ba ta wuce kalma 25 ba: abin da marubucin ke so ka yarda da shi. A nan ake rarrabe batu da da'awa. "Maƙalar tana magana a kan wayar hannu a makaranta" batu ne. "Ya kamata a hana wayar hannu a aji domin tana raba hankalin ɗalibi" da'awa ce. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan babu mai hankalin da zai iya cewa "ban yarda ba", to batu ka rubuta. Kada ka ɗauka lallai da'awar tana sakin layin farko. An saba koya wa ɗalibi ya sa tasa a can, amma ƙwararrun marubuta sau da yawa sukan riƙe ta sai sun gama shirya mai karatu, wasu ma ba sa faɗinta ƙarara sam. Idan an jinkirta ta, jinkirin kansa abin nazari ne. Mai yiwuwa marubucin ya san masu sauraronsa za su toshe kunne in ya fara da ita.

Karatu na biyu shi ne ainihin aikin. Ka sa wa kowane sakin layi lamba, domin ka riƙa komawa ba tare da lalube ba. Sannan ka yi amfani da gefen takarda biyu. A hagu, kalma huɗu ko biyar na abin da sakin layin ya ce. A dama, aikatau ɗaya na abin da yake yi: yana gabatar da matsala, yana kawo misali, yana amincewa da wani ɓangare na maganar abokin hamayya, yana rushe ta, yana fayyace ma'anar kalma, yana tsoratarwa, yana lallashi, yana kira a tashi tsaye. Idan ka gama, ka karanta layin dama shi kaɗai daga sama zuwa ƙasa, ƙashin bayan maƙalar zai fito fili. Sakin layi 12 kan tattaru su zama mataki uku ko huɗu, kuma waɗannan matakan su ne za su zama sassan nazarinka daga baya. Wanda ya yi wannan da kyau ya gama rabin rubutunsa tun bai fara ba.

Alƙalamin nan mai launi da ake shafawa a kan layi, a ganina, cutarwarsa ta fi amfaninsa. Shafa launi ba ya buƙatar tunani, hannu ne kawai ke aiki, sai ka tarar shafi ya rine kan mai uwa da wabi, kuma in aka tambayi mai shi dalilin shafa layi kaza ba zai tuna ba. Ka kafa wa kanka doka: ba ka jan layi sai ka rubuta dalili a gefensa, ko da kalma biyu ce, kuma kada ya wuce wuri biyu a sakin layi ɗaya. Abin da ya cancanci a kewaye shi ne ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa, irin su "but", "however", "yet", "although" da "therefore". A kansu ne marubuci ke juya akala. Kuskuren da ke yawan faruwa a nan yana da muni ƙwarai. Marubuci zai cinye sakin layi guda yana zayyana ra'ayin da yake shirin rushewa, ya fara da "wasu suna cewa", sai ɗalibin da ke sauri ya ɗauka ra'ayin marubucin ke nan, ya ɗora nazarinsa kacokan a kai. Duk inda ka ga an kawo ra'ayi, ka tambayi kanka bakin wa aka ara, sannan ka nemi "but" ɗin da ke tafe.

Gajeren rubutu ya fi nuna yadda abin yake, kuma da wuya a samu wanda ya kai jawabin shugaban Amurka Abraham Lincoln na Gettysburg dacewa. An yi shi ranar 19 ga Nuwamba 1863, a wurin keɓe maƙabartar sojojin da suka mutu a gumurzun da aka yi a can daga 1 zuwa 3 ga Yuli na wannan shekara, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Babban mai jawabi a ranar Edward Everett ne, kuma ya yi kusan awa biyu yana magana. Lincoln kamar minti biyu ya yi, jimla goma, kalmomi wajen 270. Taƙaita shi ba wuya: magabata sun kafa ƙasa, yanzu ana yaƙi, waɗannan sun mutu, mu ci gaba da aikin da suka bari. Abin da ya ce ke nan, kuma ɗalibin da ya tsaya a nan layi uku kawai yake da shi.

Amma duba yadda ya buɗe. Da lissafi ya fara: ashirin sau huɗu da bakwai, wato shekara 87 da suka wuce. Ɗalibi mai fensir zai cire 87 daga 1863, ya samu 1776. Shekarar shelar 'yancin kai ke nan, takardar da ta ce an halicci dukkan mutane daidai. Kundin tsarin mulki kuwa a 1787 aka rubuta shi, kuma ya bar bautar da bayi a inda ya same ta. Lincoln yana da ranar haihuwa biyu da zai iya bai wa ƙasar, ya zaɓi wadda ta dace da inda yake son kai masu sauraro, kuma bai tsaya kare zaɓin ba, ya wuce kamar abu ne da kowa ya sani. Sannan bai ce 87 kai tsaye ba. Ya ɗauko tsohon salon ƙirga na ashirin-ashirin, wanda kunnen mutanen zamanin ya saba ji a Littafi Mai Tsarki na Turanci, don haka jimlar farko ta shiga kunne da nauyin wa'azi tun kafin a kai ga ma'anarta. Rabin layi ke nan ya ba da abin rubuta sakin layi biyu.

Sai ƙirga. Ƙirga kalmomi aiki ne da ɗalibai ke rainawa, alhali babu hanyar da ta fi ta sauƙi wajen samun hujjar da ba a musantawa. A kwafin da aka fi bugawa, kalmar "we" ta zo sau goma, "I" kuwa ko sau ɗaya ba ta zo ba, daga bakin shugaban ƙasa. "Nation" ta zo sau biyar. "Dedicate" da 'yar'uwarta "dedicated" sun zo sau shida, kuma ma'anar tana sauyawa a hanya. Da farko ƙasa ce aka sadaukar ga wata aƙida. Sai fili da aka zo keɓewa. Sai ya ce ai mu ba mu isa mu keɓe shi ba, waɗanda suka fafata a nan, rayayyu da matattu, sun riga sun tsarkake shi. Daga ƙarshe masu sauraron ne da kansu za su sadaukar da kai ga aikin da ya rage. Da kalma ɗaya ya ɗauke nauyi daga kan filin maƙabarta ya ɗora a wuyan mai sauraro. Haka nan abin da bai faɗa ba: babu kalmar bauta, babu Arewa ko Kudu, babu sunan abokin gaba, ko sunan garin ma babu. Mutumin da ke fatan ƙasar ta sake haɗuwa bayan yaƙi yana da dalilin guje wa kalmar da za ta ƙara raba kai. Wannan fassara ce, wani zai iya kawo wata daban, kuma malami zai karɓa matuƙar ya nuna layin da ya dogara da shi.

Tsawon jimla ma zaɓi ne. A wasiƙar King akwai jimla ɗaya da ta haura kalma 300, amsa ga masu cewa a jira. Yana ta jero abin da baƙar fata ke gani kullum, gaɓa bayan gaɓa suna farawa da "when", waƙafi mai ruwa ne ke raba su ba aya ba, kuma babbar maganar, cewa a sannan ne za ku gane abin da ya sa jira ke yi mana wuya, ba ta zo ba sai can ƙarshe. Ɗalibi mai rauni zai ce "ya yi amfani da maimaici don jaddada maganarsa". Gaskiya ne, amma babu rubutun da ba za a iya faɗa wa haka ba. Mai lura zai ce ya tilasta wa masu cewa a jira su ɗanɗani jira da kansu, numfashi a riƙe, kafin jimlar ta sake su. Irin wannan wuri ka karanta shi da murya idan kana gida, domin kunne yana kama abin da ido ya wuce.

Kusan kowane aji zai koyar da kalmomi uku na Girkanci da aka gada daga Aristotle, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Etos ita ce yardar da mai magana ke samu saboda halinsa, patos motsa zuciyar mai sauraro, logos kuma hujjar da ke cikin maganar kanta. Rabon yana taimaka wa tunani, amma ya zama tarko ga ɗalibai. Sai ka ga nazari mai sakin layi uku, kowane da kalmarsa, kamar ana cike fom. "Marubucin ya yi amfani da patos" bai faɗi komai ba. Wane irin motsin zuciya, kunya ko tsoro ko tausayi ko fushi? A zuciyar wa? Da waɗanne kalmomi, kuma don ya aikata me bayan ya ji? Gwaji mai kyau shi ne ka rubuta sakin layin ba tare da kalmar Girkancin ba ko kaɗan. Idan bai tsaya ba, dama babu komai a cikinsa. Haka abin yake ga kamance da siffantawa da tambayar da ba a neman amsarta: kiran sunan dabara ba ya kawo maki, nuna aikin da ta yi a wannan wurin ga waɗannan mutanen shi ne ke kawowa.

Wasu malamai ba salo kawai suke nema ba, suna so ka auna ko hujjar ta tsaya. Tsarin da masanin falsafa ɗan Birtaniya Stephen Toulmin ya fitar a 1958 yana da amfani a nan, ko da kashi uku kawai ka riƙe daga cikinsa: da'awa, shaida, da gadar da ta haɗa su. Gadar ce ba a cika rubutawa ba. A koma kan misalin waya. Da'awa: a hana ta a aji. Shaida: ɗaliban da suka fi taɓa waya su ne suka fi ƙarancin maki. Gadar da ba a faɗa ba: wayar ce ta jawo faɗuwar. To idan ɗalibin da darasi ya riga ya sha masa kai ne ke komawa ga waya saboda gajiya fa? Shaidar tana nan daram, amma gadar ta karye. Hanyar gano ta ita ce ka sa "domin" tsakanin da'awa da shaida, sannan ka tambayi abin da dole mutum ya riga ya yarda da shi kafin wannan "domin" ta yi aiki. Alƙaluma kuwa suna da kwarjini, sai a tare su da tambaya uku: daga ina, cikin nawa, kuma idan aka kwatanta da me. "Ya ninka" na iya zama daga 2 zuwa 4, na iya zama daga 2,000 zuwa 4,000. Labarin mutum ɗaya mai ratsa zuciya yana nuna abu na iya faruwa, amma ba ya nuna yawan faruwarsa.

Muryar marubuci ita ce ta fi wahalar kamawa ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, domin ba ta cikin ƙamus. A 1729 Jonathan Swift ya fitar da wata 'yar maƙala da a zahiri take ba da shawarar talakawan Ayilan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu a ci, da lissafi da natsuwa kamar rahoton hukuma. Gugar zana ce mai zafi a kan yadda aka mayar da talakawan ba a bakin komai ba. Wanda ya ɗauki shawarar da gaske ya juya maƙalar a baibai. Alamar ita ce tazarar da ke tsakanin munin abin da ake faɗa da sanyin muryar da ke faɗinsa, kuma duk inda ka ga irin wannan tazara ka dakata. Ko a rubutun da babu gugar zana, murya ba ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Marubuci kan fara da ladabi, ya hau fushi a tsakiya, ya sauko da lallashi. Ka sa alama a layin da ta sauya, domin sau da yawa nan ne zuciyar maƙalar.

Idan aka zo rubutu, komai yana rataye ne a kan jimlar matsaya, wadda ke zuwa a ƙarshen gabatarwa. Mai rauni ita ce irin "marubucin ya yi amfani da dabaru daban-daban don isar da saƙonsa". Mai ƙarfi tana faɗin me ya yi, ga wa, don me: "Lincoln ya mayar da haihuwar ƙasar zuwa 1776, ya kuma sauya ma'anar sadaukarwa daga fili zuwa mutane, domin masu makoki su bar wurin suna ganin yaƙin aiki ne da ya rage a wuyansu." Mai karanta wannan ya riga ya san sakin layi nawa ke tafe da abin da kowanne zai nuna. Ka bi matakan da ka fitar a gefen dama, daki-daki yadda marubucin ya jero su. Hakan ya fi raba nazarin bisa sunayen dabaru, domin yana nuna yadda kowane mataki ya share wa na gaba hanya.

Kowane sakin layi ya fara da abin da marubucin ya yi, ba abin da ya ce ba. Sai shaida, kuma a nan ɗalibai kan yi ɓarna da dogon ɗauko. Layi huɗu da aka kwafo suna cike shafi, amma mai dubawa ba zai san wace kalma ce ta ja hankalinka ba. Kalma uku zuwa takwas sun isa, a saka su cikin jimlarka da alamar zance, a kwafe su daidai harafi da harafi. Bayan kowane ɗauko, aƙalla jimla biyu na sharhi. Ta farko ta faɗi abin da kalmomin ke jawowa a zuciyar wannan mai sauraro, ta biyu ta ɗaure shi da manufar marubucin. Idan ka rubuta jimla, ka tambaye ta "to sai me?", kuma kada ka wuce sai amsar ta kai ka ga matsayarka. Wata dabarar da ke buɗe sharhi idan kai ya toshe ita ce musanya: ka cire kalmar da marubucin ya zaɓa, ka sa makamanciyarta, ka ga abin da ya ɓace. Abin da ya ɓace ɗin shi ne sharhinka. Aikatau ma a kula da shi. "Says" da "shows" da "uses" ba sa ɗauke da hukunci, amma "concedes", "dismisses", "delays" da "reframes" kowanne yana faɗin abin da ka gano. Kuma al'adar irin wannan rubutu a Turanci ita ce a yi maganar marubuci da sigar lokacin yanzu, ko da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce.

Rabon maki yana tabbatar da wannan. A jarrabawar AP (Advanced Placement) ta harshen Ingilishi da ɗaliban sakandare ke yi a Amurka, maƙalar nazari maki shida gare ta: ɗaya na jimlar matsaya, huɗu na shaida da sharhi, ɗaya na zurfin tunani. Lokacin da ake ba da shawarar a kashe a kanta minti 40 ne. Rabon da ya fi aiki shi ne minti 10 zuwa 12 na karatu biyu da tsarawa, wajen 25 na rubutu, sauran na dubawa. Ɗalibin da ya fara rubutu a minti na uku yana ganin ya ci riba, amma shi ne zai tsaya cak a tsakiyar shafi na biyu, ya koma taƙaitawa don ya cike wuri.

Wajen dubawa, ka bi sassan tsakiya da fensir, ka sa ɗigo a gaban duk jimlar da wanda bai yi nazari ba zai iya rubutawa daga karatu ɗaya. Idan ɗigon ya kai rabin jimlolin, taƙaitawa ta rinjayi sharhi, sai ka soke biyu daga ciki ka maye gurbinsu da amsar "to sai me?". Ka duba kuma ko ka ambaci masu sauraro a kowane sakin layi, domin su ne suka fi saurin ɓacewa bayan gabatarwa. Gabatarwar jimla uku ta wadatar, ba sai an faro daga tarihin duniya ba. Idan kuma lokaci ya ƙure dole a sadaukar da wani abu, a rage kammalawa ta koma jimla biyu, a bar sakin layi na uku da sharhinsa cikakke.